Taɓon da Kawu Ya Wanke

Daga Allah muke, gare Shi kuma kowa zai koma, da wanda ya shirya tafiyar da wanda aka kira yana tsakiyar aiki.

Ranar Talata da hantsi Kawu ya kira ni ina ɗakin karatu na jami'a. Bai yi sallama ba, abin da ban saba ji daga gare shi ba. Ya ce, "Baba ya rasu." Sai da zuciyata ta je Funtua ta dawo, domin mahaifin Kawu, kakana na wajen uwa, ya rasu tun ina firamare, na rasa wane Baba kuma ya rage mana da zai sake mutuwa. Can na gane Bajamushen yake nufi, tsohon da ya yi shekara shida yana yi wa tuƙi a nan Doha.

Da la'asar na isa gidan da suke haya a unguwar Al Muntazah, su bakwai a ɗaki uku, a saman wani shagon shayi. Kawu ya naɗe katifu ya jingine su da bango, ya shimfiɗa tabarma, ya zauna ya sunkuyar da kai kamar yadda ake zaman makoki a gida. Na ja kujera na zauna a bakin kicin ina dafa musu shayi. Mutane na shigowa daga aiki da rigunan kamfani a jikinsu, masu gadi da direbobi da masu lodi a filin jirgin Hamad. Kowa zai cire takalmi, ya durƙusa, ya buɗe baki, sai maganar ta maƙale masa. Addu'ar da harshe ya saba da ita ta taho har bakin haƙori, sai mutum ya tuna wane ne mamacin, ya juya ya dubi Malam.

Malam mai gadi ne a wani babban kanti, shi ke ba su salla. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce ta'aziyya ta mai rai ce, a yi wa Kawu addu'ar haƙuri, wanda ya tafi kuwa yana hannun Wanda ya fi mu saninsa. Wani direba ya ce shi dai bai taɓa jin an yi zaman makokin kafil ba, wato uban gidan da ya ɗauki nauyin bizar mutum. Kawu bai ɗaga kai ba ya ce ba kafilinsa ba ne, kafil Balaraben nan ne mai motocin. Direban ya ce to shi wannan mene ne naka? Wani mutumin Kumasi da ke lodi a filin jirgi ne ya ce wanda ka sha shayi da shi shekara shida ai ya zama danginka, ko da jar fata ne. Ya ƙara da cewa sau da yawa sun sha ɗora akwatin gawa cikin jirgi tare da kwalayen kaya, bai taɓa sanin ko na waye ba, wannan karon in ya faɗo ranar aikinsa zai riƙe shi da hannu biyu.

Innata ta kira daga gida. Da na gaya mata ƙaninta na zaman makokin Bature, ta tambaya ko ya musulunta kafin ya cika. Na ce ban sani ba, ban zata ba. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce to a dafa wa masu zuwa ko da shinkafa ce, kada a ji kunya.

Da mutane suka ragu Kawu ya yafito ni. Idonsa ya yi ja amma babu hawaye. Ya ce, "'Yata, mutumin nan ya tafi bai yafe mini ba." Ya ce 'yar Baba na nan zuwa daga Jamus ta ɗauki gawar, kuma sai na raka shi na yi masa tafinta, ko ita za ta yafe masa a madadin ubanta. Ya ce in ba haka ba bai san da fuskar da zai tashi ranar gobe ba, domin haƙƙin mutum ba ruwansa da addinin mai shi.

Saboda wannan ne nake rubutun nan, da kuma tsoron da nake ji cewa garin nan ba ya riƙe sawun kowa. Mutum zai yi shekaru a Doha, ranar da ya tafi a yi wa ɗakinsa fenti a ba wani.

Abin da na sani na rayuwar Baba guntu-guntu ne, kamar ƙarafan da ke kan teburinsa, kuma ni ban iya haɗa su su tashi ba. An haife shi a wani ƙauye a bakin daji, ubansa maƙeri ne. Ranar da Kawu ya ji haka ya yi murna, ya ce ashe gado ne, shi ya sa wuta ba ta ƙona shi. Ya yi tseren babur yana saurayi. Daga baya ya bar tsere ya shiga wani kamfani yana zana injinan motocin nan masu kujera biyu, waɗanda cikinsu ke kusan shafar ƙasa. Da ya tsufa, matarsa kuma ta rasu, wani attajiri Balarabe mai tara irin waɗannan motoci ya ɗauko shi ya kula masa da su, ya ba shi gareji da ɗaki a bayan gidansa a unguwar Nu'aija. Shekara ɗaya ya zo yi, amma bai koma ba. Ya ce ƙasusuwansa da suka sha karaya ne suka ƙi komawa cikin sanyi.

Kawu kuwa acaba ya yi shekara goma a Kano kafin ya samu bizar tuƙi. Yana son ba da labarin ranar da suka fara haɗuwa. Tsohon bai tambayi sunansa ba, bai dubi takardunsa ba. Tef ɗin awo ya zaro daga aljihu ya auna hannun Kawu daga kafaɗa zuwa tafi, ya auna ƙafarsa daga ƙugu zuwa diddige, ya rubuta a wani ɗan littafi mai baƙin bango. Kawu ya ce a ransa, to yau ga wanda zai auna mini likkafani tun da raina. Ashe kujerar mota zai gyara masa. Kawu dogo ne, duk motar da ya shiga gwiwarsa na dukan sitiyari, kuma babu mai gidan da ya taɓa lura. Tun daga ranar ya fara kiransa Baba.

Ban taɓa gane da wane harshe suke hira ba. Larabcin kasuwa ne da Turancin da kowannensu ya karya ta nasa gefen, sauran kuma hannu da gira. Kunnen Baba ya yi nauyi, kuma ba ya son attajirin ya sani. Yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. In abin ya gagara sai ya kira Kawu ya saurara, Kawu ya kwaikwayi ƙarar da baki, yana karkaɗa harshe yana tari, tsohon na kallon leɓensa. Daga nan sai ya miƙa hannu ya ce a ba shi sufana kaza. Na sha zama a kan wata tsohuwar taya ranar Asabar ina kallon su, dattawa biyu, ɗaya na kukan mota ɗaya na gyaɗa kai kamar likita.

Kawu ne ya ce tunda shi Baba yake ce masa, to ni jikarsa ce, wasan jika da kaka ya wajaba. Na yi ƙoƙari. Na ce masa tsohon mijina, yaushe za ka saya mini mota? Ya cire tabarau ya dube ni da gaske, ya ce shekarunsa sun yi mini yawa, kuma bai kamata in sayi mota ba sai na koyi canza taya. Kawu ya yi dariya har ya riƙe ciki. Mun yi masa bayani sau uku. Bai gane ba, amma daga ranar in na shigo sai ya ce wa Kawu ga matarsa ta zo, fuskarsa a ɗaure, kamar mai karanta sanarwa.

Baba ba ya ce wa kowa na gode, ba ya ce wa kowa yi haƙuri. Amma da azumi, in la'asar ta yi ya ga idon Kawu ya faɗa, sai ya karɓi makulli ya nuna masa kujerar baya. Haka za su ratsa gari, tsohon Bature na tuƙi, direbansa na barci a baya da hula a fuska. Masu gadin ƙofa har sara musu suke yi don tsokana.

Akwai ranar da malamina na jami'a ya dawo mini da babin da na yi wata uku ina rubutawa, ya ce in sake daga farko. Na je garejin ina ɓoye kuka. Baba bai tambaye ni komai ba. Ya jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin tebur ya buɗe. Fasassun ƙarafan inji ne cike, wani ya narke, wani ya tsage biyu, kowanne da 'yar takarda ɗaure a jikinsa. Ya ce duk shi ya zana su, duk kuma sun fashe, a kan takardar ya rubuta inda ya yi kuskure. Ya ce waɗanda suka yi aiki an sayar da su, bai san inda suke ba, waɗannan ne kawai nasa. Na riƙe guda a tafin hannuna, mai sanyi, mai nauyin ƙwai. A lokacin na ɗauka lallashi ne kawai. Da ina da hankali, da tun ranar na gane cewa mutumin nan ba ya zubar da abin da ya ɓaci.

A kusurwar garejin akwai wani babur da aka lulluɓe da tamfol. Ba irin wanda muka sani ba ne. Gajere ne, a kwance, kuma a gefensa an haɗa wani faffaɗan ƙarfe mai taya ɗaya, babu kujera, sai mariƙai biyu. Kawu ya sa masa suna mai goyo. Baba ya ce mutum biyu ke tsere a kansa. Ɗaya na tuƙi, ɗayan na durƙushe a kan ƙarfen yana riƙe da mariƙan, in an zo kwana sai ya zuba jikinsa waje har kafaɗarsa ta kusa gogar titi, don kada abin ya kife. Ya ce mai tuƙi ake ba kofi, amma na gefe ne ke juya babur. Kawu ya ce wannan ai ya sani tun a Kano, fasinjan da bai iya kwanciya a kwana ba shi ke kayar da ɗan acaba. Ya roƙi a bar shi ya hau ko sau ɗaya. Baba ya ce wurin da mai shi. Bai faɗi ko waye ba, mu kuma muka ji nauyin tambaya.

Abin da ya dami Kawu shi ne dattin. Duk motocin garejin mutum na ganin fuskarsa a jikinsu, sufanu a jere bisa tsawo kamar sahun salla, amma babur ɗin nan taɓo ne busasshe tun daga tayoyi har ƙarƙashin tanki, jajaja-jajaja, har da ganyen wata bishiya mai kama da allura a maƙale. A wurin Kawu abin hawa mai datti zagi ne ga mai shi, kuma zagin yana komawa kan yaron gidan. Sau uku yana cewa zai wanke. Sau uku Baba na kaɗa hannu yana cewa a bar shi.

A nan ne muka ɓata, ni da Kawu duka. A gidanmu in babba ya ce bari, kada ka wahala, kara ce yake yi maka. Yaron kirki ba ya jin wannan barin. Kakata takan ce a bar mata wankinta, amma duk wanda ya bari ya shiga uku. Da aka kwantar da Baba asibiti kwana uku saboda zuciyarsa, Kawu ya kira ni ya ce yana so ya yi masa abin sannu da dawowa. Ni na ce masa zai ji daɗi. Ni na kawo masa tsohon buroshin haƙorina don ya shiga tsakanin wayoyin taya. Ya wuni cur yana aikin, ya sauya ruwa ya fi sau goma, ya goge da mai. Da ya gama ya turo mini hoto. Ashe babur ɗin fari ne da baƙi.

Ina wurin ranar da aka sallamo Baba. Kawu ya yaye tamfol ɗin yana murmushi kamar mai buɗe lefe. Baba ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Ya tako a hankali ya zura yatsa ƙarƙashin marfin taya, ya zaro, ya dubi yatsan. Tas. Ya tambayi inda ruwan ya tafi. Kawu ya nuna masa magudanar da ke tsakar garejin. Ya je ya tsaya a kanta yana kallon ramukan ƙarfen, hannuwansa a sake, takardar asibiti har yanzu ɗaure a wuyan hannunsa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Ku tafi gida."

Kwana goma sha biyu ya yi a duniya bayan wannan. Ya aiko cewa ba ya bukatar direba tukuna. Kawu ya je sau biyu, sau ɗaya da dabino, sau ɗaya hannu sake. Ya tarar da ƙofar garejin a kulle ta ciki, yana jin ƙarar injin huda ƙarfe. Ya buga, tsohon ya amsa daga ciki da kalma biyu, ba yanzu ba. Kawu ya tambaye ni ko a wurin Turawa wannan na nufin ka dawo gobe ko kada ka sake dawowa. Duk karatuna ban sani ba. Ranar Talatar nan mai kawo masa burodi da safe ya same shi zaune a kujera gaban teburin aiki, tabarau a goshi, ya riga ya yi sanyi.

'Yarsa ta iso ranar Alhamis. Mace ce da ta haura hamsin, gashinta a yanke, da idanun ubanta. Muka same ta a garejin tana tsaye tsakanin kwalaye ba ta san ta inda za ta fara ba. Kawu ya sa fararen kayansa na Juma'a. Yana shiga ya cire takalmi ya durƙusa a kan simintin mai maiƙo, ita kuma ta ja da baya a tsorace, ta dube ni.

Ban taɓa yin tafinta mai wuya irin wannan ba. Na ce mata kawuna ya yi wa mahaifinta laifi, yana neman ta yafe masa. Ta ce ba komai, ta tabbata ma'aikacin kirki ne. Na gaya wa Kawu, ya girgiza kai, ya ce wannan ba yafiya ba ce, sallamar baƙo ce, ba ta ma san laifin ba. Ya tashi ya je ya yaye tamfol ɗin da kansa.

Ta sa hannu ta rufe baki. Wani sauti ya fito mata, har yau ban san ko dariya ce ko kuka ba. Ta zauna a kan tsohuwar tayar da na saba zama, ta tambayi wanda ya yi wannan. Kawu ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

Daga bakinta muka ji mai wurin. Ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke durƙusawa a gefe. Wata rana suna tsere a titin da ya ratsa daji, ana ruwa, suka shiga wata kwana da gudun da ya wuce ƙima. Babur ya bar titi ya faɗa taɓo. Wan ya tashi da karaya, ƙanin bai tashi ba. Ta ce ubanta bai sake tsere ba, bai kuma sake ambaton sunan ƙaninsa ba. Ya gyara duk abin da ya lanƙwashe a jikin babur ɗin, amma bai taɓa taɓon ba, kuma duk garin da aiki ya kai su sai ya tafi da shi. Mahaifiyarta ta roƙe shi har ta gaji, ya wanke ko ya sayar. Ita kuma tana 'yar shekara bakwai ta ɓantari ɗan taɓon da farce don ta ga launin da ke ƙasa, ya yi wata guda bai yi mata magana ba.

Na gama fassarawa. Kawu ya dafe kai da hannu biyu, ya ce ashe kabarin ɗan'uwansa na wanke masa na zuba a kwata. Wannan ban fassara mata ba.

Ya sake roƙo, ya ce in gaya mata ita ce magajiyarsa, bakinta bakinsa ne. Ta murza zoben hannunta. Ta ce ita a karan kanta ba ta riƙe shi da komai ba, har ma tana jin kamar ta gode masa. Amma ba za ta iya magana da bakin ubanta ba. Ta ce kusan shekara hamsin tana jiran ta ji ko ita ya yafe mata ɗan abin da ta ɓantara, bai taɓa faɗa ba, ta yaya za ta ba wani abin da ita ba ta samu ba? Na so in tausasa maganar, in ƙara mata ɗan gishiri don Kawu ya samu barci. Na dubi teburin Baba, sufanu a jere, na kasa. Na faɗa masa yadda ta faɗa.

Kawu ya ce to, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya ɗauki tamfol zai mayar. Ya kai hannu ke nan sai ya tsaya.

Ya ce, "Wannan ba nan yake ba."

Na tambaye shi me. Ya nuna mariƙan nan biyu na kan ƙarfen gefe. Ya ce shi ya wanke abin nan da buroshin haƙori, babu inda bai sani ba, mariƙan suna can baya ne kusa da juna. Muka sunkuya mu uku. Ga tsofaffin ramuka huɗu a buɗe, bakinsu da tsatsa. Ga mariƙan an matsar da su gaba kusan kamu guda, an ɗaure da sababbin notuna masu ƙyalli, ɓarɓashin ƙarfen da aka huda bai ma gama sharewa daga ƙasa ba. 'Yar Baba ta ce baffanta gajere ne, a hotuna da ƙyar ya kai kafaɗar ubanta. Ta waiga kan teburin. Tef ɗin awo na nan, ɗan littafin mai baƙin bango na kife a buɗe. Ta juya shi. Ban iya karanta Jamusanci ba, amma na ga zanen hannu daga kafaɗa zuwa tafi, da lambobi a gefe, tawadar ta koɗe da shekaru.

Babu wanda ya ce wa Kawu ya hau. Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya tattare rigarsa ta Juma'a, ya ɗora gwiwa ɗaya, ya ɗora ɗayar. Ya miƙa dogayen hannuwan nan nasa da ba kowane abin hawa ke yi musu daidai ba. Suka sauka a kan mariƙan kamar an zuba ruwa a ƙwarya.

Har yau ina juya abin a raina ban kai ƙarshensa ba. 'Yar Baba ta ce ubanta mutum ne da in abu ya dame shi sai ya nemi ƙarfen da zai huda, wataƙila iyakarsa ke nan. Malam ya ce yafiya a zuciya take, ba a noti ba, amma Allah na iya sa noti ya yi shaida. Mutumin Kumasi, wanda akwatin ya faɗo ranar aikinsa kuma ya cika alkawari, ya ce shi bai ga abin musu ba, wa ke gyara wa maƙiyinsa wurin zama? Ni kuwa wani lokaci sai in ga yafiya ce, wani lokaci in ga tsoho ne kawai da aka raba shi da ƙaninsa karo na biyu, ya waiga ya ga wurin babu kowa, ya kasa jurewa. Ban san ko waɗannan biyun abu ɗaya ba ne. Ban kuma san ina zai kai Kawu a kan babur ɗin ba, shi tsohon da likita ya hana shi hawa bene.

Ban san addu'ar da ta halatta in yi wa Baba ba, don haka na bar shi ga Wanda ya auna shi tun kafin a haife shi. Mu da muka rage, Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu gane barin da ake nufi da wanda ba a nufi, ya sa mu yafi juna tun bakinmu na motsi.

Attajirin ya yarda 'yar ta tafi da babur ɗin. Kafin masu ɗaukar kaya su zo Kawu ya daɗe a durƙushe a kansa, ni da ita muna tsaye. Hawayen da suka ƙi zuwa a Al Muntazah suka zo, suna ɗiga a kan farin ƙarfen da ya wanke. Sai na ga ya karkata jikinsa hagu a hankali, kafaɗarsa ta yi ƙasa, hularsa ta faɗi ta gangara. 'Yar Baba ta tambaye ni abin da yake yi. Na tambaye shi.

Bai saki mariƙan ba. Ya ce, "Gaya mata kwana ce. In ban kwanta ba, Baba zai kife."